Ƙuda Mai Gemu da Buzuzun Ruwa

Shekarar da hawan jini ya kayar da Baba ya shanye masa ɓarin hagu, daga Jugu aka ɗauko shi aka kawo shi gidana a Zongon Paraku. Ni ce babbar 'yarsa, Inna ta riga mu gidan gaskiya, kuma asibitin da ake duba shi yana kusa da mu. Ranar da aka sallame shi likita ya ja ni gefe ya ce ƙafar ba ta mutu ba, barci take yi. In yana taka ta kullum, ko daga ɗaki zuwa ƙofar gida ne, za ta farka. In kuwa ya bar ta za ta sandare, kuma ranar da ta sandare shi ke nan, sai dai a riƙa ɗaukarsa.

Baba ya ƙi takawa. Ba gwadawa ya yi ya kasa ba, ƙi ya yi ƙiri-ƙiri. Maigidana ya sayo masa sanda mai ƙafa uku, ya karɓa ya yi godiya, ya rataye hularsa a kai. Mutumin da ke zuwa daga asibiti yana motsa masa gaɓoɓi kuwa, da Baba ya ji ƙarar babur ɗinsa sai barci ya kwashe shi, har da minshari. Na yi lallashi, na yi kuka, na yi faɗa, don ni ba mai haƙuri ba ce, duk Zongo an sani. Amsarsa ɗaya ce: "In taka in je ina? Bayan gida?"

Wanda bai san Baba ba zai ce taurin kan tsufa ne. Baba farke ne ɗan farke. Kakanninsa da jakuna suka bi hanyar goro, shi kuma ya bi ta a saman manyan motoci, daga dajin Asante zuwa bakin Kwara. Ban taɓa sanin ya yi wata cikakke a gida ba. Mutumin da ya saba auna tafiya da ƙasashe aka ce ya auna ta da tsakar gida, shi ya sa ya ga abin raini ne.

Akwai kuma Kawu, ƙanen Inna, wanda shi ne abokinsa kuma abokin faɗansa. Gidan su Kawu a Jugu masauki ne tun zamanin ayari: fatake su sauka, a ba su ɗaki, a adana musu kaya, a nemo musu mai saye. A nan Baba ya sauka yana saurayi, a nan ya ga Inna. Ayari ya daɗe da ƙarewa, amma Kawu yana nan a zauren ubansa a kan buzu, yana tinƙaho da cewa shi bai taɓa zuwa wurin kowa ba, duniya ce ke zuwa wurinsa. Ko Pelebina, inda yake da gonar yazawa, sai dai ya aiki 'ya'ya. Baba yana kiransa "mai masauki", shi kuma yana kiran Baba "farke", kuma kowanne a bakinsa kalmar zagi ce. Duk tafiyar da Baba ya yi, a wannan zauren take ƙarewa, su raba goro su yi ta musu har a kira salla.

Tun da ciwon ya zo Baba ya daina magana da shi. Bakinsa ya ɗan karkace, harshensa ya yi nauyi, kuma mutumin da ya yi ciniki da harshen Dendi da Barbanci da Asante da Faransanci ba ya son Kawu ya ji yana jan kalma. In Kawu ya kira waya, sai Baba ya juya fuska bango. Ni nake amsawa in ce ya yi barci, Kawu kuma ya ce, "Ashe farke ya koyi barci," mu yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Ana nan sai ƙwaro ya shigo maganar.

Maigidana yana da kwamin siminti a bayan gida inda yake kiwon tarwaɗa, kuma gindin mangwaron da ke kusa da shi ne muke shimfiɗa wa Baba tabarma. Damina ta yi nisa, sai maigidana ya lura 'ya'yan kifin da ya zuba suna raguwa. Ya zargi kadangaru, ya zargi kyanwar maƙwabta. Wata safiya ya zura rariya ya fito da ɓarawon: wani buzuzu baƙi sumul, faɗinsa ya kai babban yatsa, da ɗan layin rawaya a gefe, riƙe da ɗan kifi bai ma saki ba. Ya ɗaga takalmi zai murƙushe shi.

"Bar shi," in ji Baba.

Muka juyo gaba ɗaya. Tun da ya zo gidan bai nemi komai ba, ko ruwa sai an tambaye shi. Maigidana ya sauke takalmi, na ɗauko tsohon bokiti na cika da ruwa, aka jefa ƙwaron, aka ajiye a gefen tabarma.

Daga ranar Baba ya samu aiki. Yakan jingina da gwiwar hannunsa mai lafiya ya yi ta leƙen bokiti. Ni ma da na tsaya na duba, na ga abin kallo ne. Ƙafafunsa na baya faffaɗa ne masu gashi, da su yake tuƙi, duka biyun lokaci ɗaya kamar mai kwalekwale. Ba ya zama wuri ɗaya, kullum yana zagaye yana neman abin da zai kama. In an jefa masa talibambam ko fara, kafin ka ƙifta ido ya cafke da ƙafafun gaba ya hau ci. Can kuma sai ya taso sama da baya-baya, ya ɗan fito da ƙarshen jikinsa, ya ɗebi iska ya ɓoye a ƙarƙashin fukafukansa, ya koma ƙasa.

"Kin gani?" Baba ya ce mini, a hankali saboda harshen. "Farke ne. Guzurinsa a bayansa. Kuma wa ya kawo shi nan? Ba kowa. Tashi ya yi daga wani tafki, ya ji labarin kasuwa, ya zo."

Maigidana ya ce kasuwar tasa ce dai aka ci, amma ba wanda ya saurare shi.

Ni ina sayar da atamfa, kuma ina zuwa Jugu ranar kasuwa. Da na je na biya zauren Kawu na ba shi labari, don ya san abokinsa ya fara ɗan farfaɗowa. Na zaci zai yi murna. Sai ya ɓata rai kamar an ce masa Baba ya yi sabon aboki.

"Buzuzu? Abin da ya samu ke nan a Paraku? Zo ki ga ƙwaro na gaske."

Ya nuna mini wani tsohon turke a ƙofar zaure, wanda a da ake ɗaure jakunan fatake. A samansa, cikin rana, wani ƙuda ne zaune, amma ba irin na kwata ba. Dogo ne siriri, da ƙugu a tanƙware, da manyan idanu, da dogayen ƙafafu masu ƙaya, ga wani gashi cunkus a fuska sai ka ce gemu. Bai motsa ba, kansa kawai yake juyawa. Kawu ya ɗaga mini yatsa in yi shiru. Wani ƙudan zuma ya zo wucewa, sai na ga abu ya yi fit, kafin in gane me ya faru har ya dawo kan turken, ya rungume zuman, ya soka masa baki a bayan wuya. Ya zauna ya tsotse shi a natse, sa'an nan ya saki ɓawon ya faɗo ƙasa.

"To," in ji Kawu, yana shafa nasa gemun. "Ki gaya wa farke, wannan shi ne wanda ya san darajar kansa. Ba ya yawo, ba ya jiƙa. Yana zaune a ƙofar gidansa, arziki ya zo ya same shi."

Na kawo saƙon Paraku. Baba ya saurara, idonsa ya yi wani haske da na daɗe ban gani ba. Ya ce in koma in gaya wa mai masauki ai ya gane ƙwaron sarai: ya tari baƙo da fara'a, ya tsotse shi tas, ya yar da ɓawo a ƙofar zaure, halin gidansu ne tun kakanni.

Haka na zama 'yar aike tsakanin tsofaffi biyu da ƙwari biyu. Kawu ya ce buzuzun wawa ne, don da damina yana jin irinsa suna faɗowa kan kwanon rufi, sun ga ƙyalli sun zaci kogi ne, da safe a same su a rigingine suna harba ƙafa. Ya ce ya tuna masa da wani farke da ya taɓa shiga motar Natitingu yana zaton ta garin Kara ce. Baba ya ce nasa yana da ruwa yana da sama, na Kawu kuwa a jefa shi a kofin shayi ma ya mutu. Kawu ya ce ko ba komai nasa ba ya nuna wa sama ɗuwawu kafin ya yi numfashi. Wannan na ƙarshen sai da na tsaya a ƙofar gida na gama dariyata kafin in shiga in faɗa.

In don ni ce, duka biyun 'yan fashi ne, ɗaya a ruwa ɗaya a iska. Na ruwan yana tauna abin da ya kama, na iskan yana sha. Na ruwan santsi gare shi kamar an shafa masa man kaɗe, na iskan kuwa duk gashi da ƙaya. Ban so ko ɗaya ba, amma na gode musu, don Baba ya koma cin tuwo yana sauri ya gama ya shirya amsa. Abu ɗaya ne bai canza ba: ƙafar tana nan a miƙe a kan tabarma. Mutumin asibiti ya taɓa gwiwar ya girgiza kai, ya ce mini ta fara tauri.

Rigimar ta kai ƙarshe ranar da Kawu ya ce shi fa bai yarda akwai buzuzun da ke cin kifi ba, ƙaryar fatake ce, sun saba dawowa da labarin abin da ba wanda ya gani. Baba ya fusata. Ya ce in aika kasuwa a sayo ganyen fita, wanda ake naɗe goro da shi. Da aka kawo, ya sa na shimfiɗa ganyen a cinyarsa, ya yayyafa ruwa da yatsu yadda ya yi wa goro duk rayuwarsa, ya sa aka tsamo ƙwaron aka ɗora a tsakiya. Da hannu ɗaya da haƙori ya naɗe, ni ina riƙe masa bakin igiya. Ƙunshin ya fito tsaf, ɗan ƙaramin huhun goro, irin wanda in ka gani ka san hannun gwani ne. A wurin Baba duk abin da ake so ya isa da rai, haka ake naɗe shi.

Makon nan ban je Jugu ba, sai na ba wani direban tasha da muka saba. Ban ce masa komai ba sai "saƙon Baba ne, a ba Kawu hannu da hannu." Shi kuma ya ga ganyen fita, ya isa zaure bayan sallar Juma'a lokacin da dattawan unguwa suka cika shi, ya durƙusa ya ce ga goro daga Paraku.

Matar Kawu ce ta ba ni sauran labarin a waya, tana yi tana shiɗewa da dariya. A wurinmu goro ba ya zuwa a naɗe haka kawai, sai da dalili: ko haihuwa, ko an ba da 'ya. Kawu ya yanke cewa 'yata ce aka yi wa miji. Ya sa aka gyara zama, aka yi addu'a, aka shafa fatiha, har wani dattijo ya fara yabon dangin angon da bai sani ba. Sa'an nan Kawu ya kwance igiya da bisimilla. Buzuzu ya fito ya taka tabarma, ya tsaya kamar mai duba jama'a, ya buɗe fukafukai ya tashi da ƙugi. Ya bugi kwanon rufi, ya faɗo cikin babbar rigar dattijon nan mai yabo, dattijo ya yi tsallen da rabonsa da irinsa tun yana saurayi. Kafin a gama salati ƙwaron ya bi ta ƙofa ya tafi abinsa.

Da na gaya wa Baba ya yi dariya har ya ƙware, sai da na bubbuga masa baya. Ya ce, "Ya isa da rai ko? Kuma bai kwana a gidansa ba. Ya san halinsa."

Amma washegari bokiti ba kowa. Maigidana ya riga ya rufe kwaminsa da raga, wani buzuzu bai sake shigowa ba. Baba ya leƙa bokitin sau ɗaya, ya juya fuska bango. Amsar Kawu ma ba ta zo ba. Tuwo ya koma dawowa kamar yadda aka kai shi, ni kuma tsoro ya kama ni sosai, don na ga wannan karon ya fi na farko nisa.

Ranar kasuwa na isa zauren Kawu cike da fushi. Na tarar da shi da wata 'yar ƙwarya a gabansa. Ya ɗaga ta, ga ƙuda mai gemu a kwance, ƙafafu a naɗe. Ya ce tun ranar da buzuzu ya zo yake fama ya kama nasa ya aiko wa Baba. Ƙwaron ba ya kamuwa, yana ganin hannu tun daga nesa. Da ƙyar jikokinsa suka kife wannan da ƙwarya da hantsi, kafin la'asar ya mutu.

"Ki gaya masa nawa ba ya aikuwa," in ji Kawu. "In aka raba shi da turkensa, ya gama. Wanda ke son ganinsa sai ya zo."

"Kawu, da wace ƙafar zai zo?"

Ya mayar da ƙwaryar ya rufe ƙudan. Ni kuma bakina ya riga ya buɗe. Na gaya masa abin da likita ya ce, da abin da mutumin asibiti ya ce game da gwiwar, da yadda Baba ke juya fuska in waya ta yi ƙara don kada ya ji yadda bakinsa ya koma. Duk abin da na yi ta ɓoye masa da "ya yi barci" na zazzage shi a kan buzun nan. Na ce, "Wancan ƙwaro ne, Kawu, shi ya sa ba ya barin turke." Ban taɓa yi masa magana haka ba. Na ɗauki jakata na fita ko sallama ban yi da kyau ba, na yi ta jin kunya a mota har Paraku.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, ina wanke-wanke na ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Na leƙa. Ɗan zemi ne, mai babur ɗin haya, a bayansa kuma Kawu, cikin babbar riga ta salla, ya ƙanƙame rigar yaron da hannu biyu, idonsa a rufe.

"Baba, mun iso fa, sake ni," in ji ɗan zemin ga Kawu, sa'an nan ya dube ni. "Tun daga tasha yake karanta mini Yasin a kunne."

Kawu ya sauko yana tangaɗi, fuskarsa ta yi fari da wahalar mota. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, na amsa, amma bai shigo ba. Mutumin da ya tari baƙi duk rayuwarsa bai san yadda baƙo ke yi ba. Sai da na kama hannun rigarsa na ja shi har gindin mangwaro.

Suka kalli juna. Na ga idon Kawu ya sauka kan bakin Baba, ya sauka kan ƙafar, ya yi sauri ya ɗauke. Na shimfiɗa masa darduma ya zauna, na juya da sauri zan ɗebo masa ruwa a randa.

"Ajiye," in ji Baba.

Na tsaya da moɗa a hannu.

"Baƙona ne. Gidana ya sauka."

Ya dafa gindin mangwaro da hannun dama ya fara yunƙuri. Maigidana ya taso zai kama shi, na riƙe masa riga. Baba ya miƙe, ya yi tangal-tangal, ya jingina kafaɗa da bango. Randar tana can ƙarƙashin rumfa, tazarar da ni nake yi ba tare da na san na yi ba. Ya ja ƙafar hagu, ta bi shi da ƙyar tana share ƙasa. Ya sake ja. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Da ya isa ya karɓi moɗar daga hannuna bai ko dube ni ba, ya ɗebo, ya juyo. Dawowar ta fi wuya, don hannun mai lafiya yana riƙe da ruwa, ba abin dafawa sai kafaɗa da bango. Ruwan yana ta zuba a kan ƙafafunsa. Kawu ya yunƙura zai tarye shi.

"Zauna, mai masauki," in ji Baba, da karkataccen bakinsa, da ƙarfi, kowa ya ji. "Yau ba kai ba ne."

Kawu ya koma ya zauna. Abin da ya iso gare shi bai fi kurɓi biyu ba a gindin moɗa. Ya karɓa da hannu biyu ya shanye, hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Ni ma ina can jikin rumfa ina share nawa da bakin zane.

Kawu ya dubi cikin moɗar, ya dubi Baba da ke tsaye yana haki, ya miƙa masa ita.

"Wannan ne ruwan baƙo a Paraku? Bai ishe ni ba, farke. Ƙaro."

Baba ya zage shi da Dendi, ya karɓi moɗar, ya juya ya nufi randa.